Tsohuwar motar alfarma: a tambayi kwamfutarta kafin a biya dillali

Duk mai yawo a TikTok ko Facebook ya saba cin karo da bidiyon dillalan mota. An wanke ta tana sheƙi, an buɗe ƙofa ana nuna kujerun fata, an danna maɓalli rufin sama ya zuge, sannan a faɗi kuɗin da zai sa mutum ya mayar da bidiyon baya don ya tabbatar kunnensa ya ji daidai. Sau da yawa Mercedes-Benz S-Class ƙirar 2002, ko BMW 7 Series ta wannan zamani, ba ta kai kuɗin Toyota Corolla sa'arta ba. Motar da aka sayar sama da dala 70,000 a Amurka tana sabuwa, yau ga ta a bakin titi a Kano ko Kaduna ana tayinta ƙasa da motar da 'yan haya ke rububi.

Dillalai ba ɓatan lissafi suka yi ba. Kasuwa ce ta riga ta cire kuɗin gyaran da ke jiran mai saye. Motar ta tsufa ta yi arha, amma kayan gyaranta suna nan a farashin motar manya, kuma da dala ake shigo da su. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ga cire tallafin mai da aka sanar ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya sa injin mai silinda takwas ya koma abin da ake tunani sau biyu kafin a tayar. Masu irin waɗannan motoci da dama sun fitar da su kasuwa ne saboda riƙonsu ya gagara, shi ya sa suka cika shafukan talla.

Duk da haka akwai matasan da ke sayen su suna morewa shekara da shekaru. Bambancinsu da waɗanda motarsu ke ƙarewa a kan duwatsu a garejin bakanike, galibi, shi ne sun fahimci cewa abin da suka saya tarin kwamfutoci ne da suka shekara ashirin suna shan zafi da ƙura, kuma sun koyi yadda ake tambayar su.

Daga ƙarfe zuwa kwamfuta

Sunan da Marsandi ta yi a Najeriya, tsofaffin ƙira ne suka yi mata shi. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana nan a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas. Ƙirar W123 da ta biyo baya, da W124 da aka fara a 1984 wadda ake kira V-Boot, motoci ne da bakanike mai kunne da sifana zai iya riƙewa. Abin da ya lalace ana ganinsa, ana jin ƙararsa, ana kwance shi a gyara.

Labari ya fara sauyawa a 1991, lokacin da S-Class ƙirar W140 ta fito da tsarin CAN, hanyar sadarwar da kamfanin Bosch ya ƙirƙiro domin ƙananan kwamfutocin mota su riƙa magana da juna ta wayoyi biyu kacal. Daga nan abin ya yi ta ƙaruwa. Motar alfarma ta shekarun 2000 tana ɗauke da kwamfutoci da dama: ta injin, wadda makanikai ke kira burenbos, da ta giya, ta birki, ta jakar iska, ta makulli, ta kujeru, har kowace ƙofa da tata. Idan ɗaya ta rikice tana iya cika layin da shirme, sai matsalar ta bayyana a wani wuri daban. Mota ta ƙi canja giya, a sauke giyabos a yi asarar kuɗi, alhali sensar da ke auna gudun taya ce ta mutu.

Kowace ƙira tana da ciwon da aka san ta da shi, kuma ba ɓoyayye ba ne. S-Class ƙirar W220, daga 1998 zuwa 2005, tana tsaye ne a kan shokozoba mai iska da ake kira Airmatic. Robarta na tsagewa da shekaru, motar ta kwana a tsaye ta wayi gari a durƙushe, kwamfaresa kuma ya yi ta aikin cike iskar da ke zurarewa har ya ƙone. Range Rover ƙirar L322 ma haka. E-Class ƙirar W211 ta farko tana da birkin lantarki mai suna SBC, wanda ya sa kamfanin ya janye motoci kimanin 680,000 a 2004 da kuma miliyan 1.3 a 2005 domin gyara, kafin ya cire shi daga ƙirar a 2006. Famfon wannan birki yana ƙirga yawan takawar da aka yi masa, idan ya kai adadinsa sai ya kunna gargaɗi. Wasu suna goge ƙirgar da kwamfuta su ce an gyara, alhali famfon da ya gaji yana nan yadda yake. A birki, wannan wasa ne da rai.

BMW ƙirar E39 tana da kayan sanyaya injin na roba da ke bushewa su fashe ba sallama. Ita kanta Lexus da ake yabo da juriya ba ta tsira ba: kwamfutar injin LS400 tana da ƙananan kafasito da ke yoyo idan sun tsufa, RX300 da RX330 kuma bel ɗin taimin gare su, mai wa'adin canji, ba sarƙa ba irin ta RX350.

Soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari

A nan ne wayar hannu take shigowa. Tun daga 1996 doka ta tilasta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da tsarin OBD-II. Turai ta bi sahu a 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu dizal. Soket ne mai rami 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari ta gefen direba. Wasu Marsandi na shekarun 1990 suna da nasu mai zagaye, mai rami 38, a ƙarƙashin bonet, wanda sai an nemo masa mahaɗi.

Ƙaramar na'urar da ake kira ELM327, wadda ba ta kai girman akwatin ashana biyu ba, ita ake soka wa a wurin, ta haɗu da waya ta Bluetooth ko Wi-Fi. Manhajoji irin su Torque a Android, ko Car Scanner da OBD Fusion, su ke karanta abin da ta turo. Masu iPhone su lura: yawancin masu arhar da ke aiki da tsohon Bluetooth ba sa haɗuwa da ita, sai mai Wi-Fi ko mai sabon Bluetooth na BLE. Kusan duk waɗanda ke kasuwa kwaikwayo ne daga China, wasu na aiki lafiya, wasu kuma ba sa iya magana da kowace mota, don haka a gwada ta a motar gida kafin ranar ciniki.

Abu na farko da manhaja ke nunawa shi ne lambobin matsala. P0300 na nufin silinda na tsallake wuta. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa a cakuɗin da injin ke ƙonawa. P0420 na nuna matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, ba ta aiki yadda ya kamata, ko kuma an fasa an kwashe ta, tunda akwai masu sayenta saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki.

Sai dai dillalin da ya san kan sana'arsa yana iya goge lambobin nan minti biyar kafin mai saye ya iso, fitilar injin ta mutu, dashbod ya yi fes. Abin da ba ya goguwa da sauƙi shi ne shaidar gogewar. Kwamfutar injin tana yi wa kanta jerin gwaje-gwaje yayin tafiya: na indomi, na sensar iskar oksijin, na tururin mai da sauransu. Da zarar an goge lambobi ko an cire batir, duk sai su koma matsayin ba a kammala ba, kuma sai an yi tafiya mai ɗan nisa, wani lokaci ta kwanaki, kafin su cika. Motoci da yawa suna ma faɗin kilomita nawa aka yi tun gogewar ƙarshe. Idan ana cewa mai ita kullum da ita yake zuwa ofis, manhaja kuma ta nuna kilomita 3 kacal tun da aka goge, to akwai tambayar da ya kamata a yi. Amsar tana iya zama canjin batir ne kawai. Tana iya zama wani abin.

Akwai kuma masu cire ƙwan fitilar gargaɗi ko su liƙe ta da baƙin salatif ta ciki. Gano wannan ba ya buƙatar na'ura: a murɗa makulli ba tare da an tayar da injin ba, ya kamata fitilun gargaɗi su kama gaba ɗaya na ɗan lokaci. Wadda ba ta kama ba, wataƙila an taɓa ta. Manhaja ma za ta nuna cewa kwamfuta ta ba da umarnin kunna fitilar, ko da ido bai gan ta ba.

Bayan lambobi, sai bayanan da ke gudana injin na aiki. Zafin ruwan injin, bayan tafiyar minti goma sha biyar, ya kamata ya zauna wajen digiri 85 zuwa 100. Idan ya tsaya a 60 ko 70, alama ce an cire tamostat. Cajin batir ya kamata ya kasance wajen bolt 13.5 zuwa 14.5. Akwai kuma adadin gyaran da kwamfuta ke yi wa ma'aunin mai, wanda ake nunawa cikin kaso: idan na dogon zango ya wuce 10 cikin ɗari, sama ko ƙasa, wani abu na ɓoye, ko iska na shiga ta tsagaggiyar roba, ko sensar auna iska ta yi datti, ko famfon mai ya raunana.

Iyakar ƙaramar na'urar ke nan, kuma dole a san da ita. Dokar OBD-II ta shafi abin da ya danganci hayaƙi ne, wato injin da wani ɓangare na giya. Ba ta ganin Airmatic, ba ta ganin SBC, ba ta ganin jakar iska ko makulli, wato daidai wuraren da kuɗi ke zurarewa a motar alfarma. Waɗannan sai sikanar da ta san yaren kamfanin: Xentry ko Star ga Mercedes-Benz, ISTA ko INPA ga BMW, Techstream ga Lexus. Akwai na tsaka-tsaki daga Autel, Launch da iCarsoft, wasunsu ma da waya suke aiki, amma galibi da kuɗin rajista na shekara. Mafi sauƙi ga mai sayen mota ɗaya shi ne ya biya mai sikana ya bi shi wurin ciniki, ya duba kowace kwamfuta, ya tura masa rahoton a WhatsApp. Dillalin da ya hana a soka wa motarsa sikana ya riga ya ba da amsa.

Wani abin lura: kada a bar ELM327 a soke dare da rana. Soket ɗin yana da wuta ko mota a kashe take, na'urar na iya shanye batir, kuma yawancinsu lambar haɗinsu 1234 ce ko 0000, duk wanda ke kusa zai iya shiga.

Lambobi 17 da ke jikin gilashi

Kafin ma a je ganin motar, a nemi dillali ya turo hoton lambar VIN. Haruffa da lambobi 17 ne, tsarin da aka daidaita tun 1981, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da kuma jikin ƙofa. Farkonta na faɗin inda aka ƙera motar: W Jamus, J Japan, 2 Kanada, SAL kuma Land Rover ta Ingila. A motocin kasuwar Amurka, harafi na goma shi ne shekarar ƙira. Wannan kaɗai ya isa ya tona motar 2008 da aka canja wa fitilu da bamba ana kiranta 2013.

Yawancin motocin da ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano a yau daga Amurka da Kanada suke, kuma da yawansu ta gwanjon Copart da IAA suka fito, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta ci. Liƙa VIN a Google sau da yawa yana fito da hotunan ranar gwanjon, da nisan tafiyar da ta yi a lokacin. Carfax na sayar da cikakken tarihi, shafin NHTSA na gwamnatin Amurka kuma yana nuna kiran gyaran da ba a kai motar ba, kyauta.

Motar da ta yi karo, fanalbita na iya mayar da ita. Motar ambaliya ita ce abin gudu. Kwamfutoci da mahaɗan waya da yawa a ƙarƙashin kafet da kujeru suke, ruwa ya shiga, tsatsa ta fara cin su a hankali. Motar za ta yi wata shida lafiya, sannan gilashi ya fara sauka da kansa, makulli ya ƙi ganewa, fitilu su yi ta wasa, riwaya ya gyara nan can ya ɓalle. Ɗaga kafet, jawo bel ɗin kujera har ƙarshe a duba tabon laka, da leƙa ramin safaya taya, aikin minti biyar ne. Nisan tafiya kuma, ko an rage shi a dashbod, Marsandi da BMW suna ajiye shi a wasu kwamfutocin, sikanar kamfani na iya fito da shi.

Gyaran da ke kashe mota

Wasu al'adun gareji sun samo asali ne daga zamanin Peugeot 504, kuma a can ba su cika yin illa ba. A motar da kwamfuta ke tuƙa injinta, illa ce tsagwaronta. Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye da sunan ƙasarmu da zafi na sa injin ya kasa kai zafin aikinsa, kwamfuta ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai. Sakamakon shi ne shan mai, fulogi ya yi baƙi, indomi ta toshe. Zuba ruwan rijiya a lagireto yana cin alminiyon injin ta ciki. Baƙin mai mai kauri da ake zuba wa kowace mota ba ya bin ƙananan hanyoyin da ke sarrafa taimin a waɗannan injina. Marsandi da yawa na wannan zamani suna neman mai da ke ɗauke da lambar amincewa 229.5, BMW kuma Longlife-01, kuma a jikin galan ake rubutawa. Man giya ma kowace giya da nata, kuskure ɗaya ya isa.

Ƙurar hunturu na toshe matatar iska da wuri fiye da yadda littafin motar ya tsara, saboda an rubuta littafin ne da titunan Jamus a rai. Damina kuma na gwada magudanan rufi da na ƙasan gilashi: idan ganye da ƙasa suka toshe su, ruwan cikin mota yake komawa, kan wayoyi. Ga batun fetur. Yawancin injinan nan an ƙera su ne don mai mai daraja ta sama, gidajen mai a nan kuma iri ɗaya suke sayarwa. Kwamfuta na rage ƙarfin injin don ta kare shi, amma ba ta da maganin gurɓataccen mai irin wanda aka shigo da shi ƙasar a Fabrairun 2022 mai haɗe da methanol fiye da kima.

Batir ma ba a wasa da shi. Rauninsa kaɗai na iya kunna gargaɗi biyar a lokaci ɗaya, a yi ta neman aljanin da babu shi. A BMW da yawa daga tsakiyar shekarun 2000, sabon batir sai an yi masa rajista da sikana, in ba haka ba motar za ta ci gaba da cajinsa kamar tsoho har ta gajiyar da shi. Jona batir da juyayyen kai, ko walda a jikin mota batir na haɗe, na iya ƙona burenbos nan take.

Allon Android da na'urar bibiya

Kusan abu na farko da matashi ke so ya saka shi ne babban allon Android, kuma da dalili. Taswirar motar ta Amurka ce, babu Bluetooth na waƙa, rediyon Amurka ma tashoshin da lambarsu ta ƙare da mara kawai yake kamawa, kamar 99.5, ya tsallake masu ƙarewa da cika. Amma a Marsandi, BMW da Range Rover da yawa na shekarun 2000, sauti yana tafiya ne ta zaren haske na tsarin MOST, wanda aka jera kamar zobe. A cire na'ura ɗaya daga zoben, duka sautin ya ɗauke. Sai an sayi mahaɗin da ya dace da ƙirar, ba a bar mai sakawa ya yi ta yankan waya yana gwadawa ba.

Haka na'urar bibiyar mota da ƙarin fitilu. Bayan an kulle mota, kwamfutocinta kan yi barci cikin 'yan mintuna. Na'urar da aka jona a wayar da ba ta dace ba tana hana su barcin, batir ya riƙa mutuwa duk bayan kwana biyu, a canja batir, a canja altaneta, matsalar na nan.

Kaya da mai sakawa

Kayan gyara ba sa wuyar samu kamar da. Akwai Ladipo a Legas, Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja, kuma yawancin 'yan kasuwar suna turo hoto ta WhatsApp. Abin da ke hana asara shi ne saye da lambar da ke jikin kayan, ba da sunan mota da shekara ba, domin ƙira ɗaya a shekara ɗaya na iya zuwa da iri uku. Sau da yawa kamfanin da ya yi wa motar kayan tun asali, irin su Bosch, Lemförder ko Denso, yana sayar da shi a kwalinsa da rangwame. Wanda shokozobarsa mai iska ta gagare shi kuma yana iya mayar da motar kan sifirin na ƙarfe: laushin tafiya zai ragu, kuma sai an saka abin da zai kashe gargaɗin a dashbod.

Na hannu daga motar da aka farke yana da arha, amma ba kowanne ke aiki ba. A Marsandi, kwamfutar injin, da mazaunin makulli, da makullin kansa an ɗaure su da juna don hana sata, haka allon lantarkin da ke cikin giya mai hawa bakwai ta 7G-Tronic. Wanda ya sayo ɗaya daga ciki ya ɗaura, motar ba za ta tashi ba ko giyar ta ƙi shiga, sai an samu mai ilimin daidaita su. Don haka kafin a tura kuɗin kowace kwamfutar mota, a fara tambayar wanda zai saka ko yana da na'urar da zai yi mata rajista da motar, a kuma yi sharaɗi da mai sayarwa cewa zai karɓi abinsa idan ta ƙi.